Diyyar Kafaɗa

"Ki ce kin yafe," in ji Baffa Ladan.

Na ce, "Ba zan ce ba, Baffa."

Ya ɗauka kunnensa ne. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya dube ni kamar wata baƙuwa ce ta shigo gidan neman ruwa.

"Raihana, da ke nake. Ga liman, ga iyayenki. Ga Misbahu ya zo da ƙafarsa. Magana ɗaya ake jira daga bakinki, a shafa fatiha kowa ya kama gabansa."

"Na ji, Baffa. Ba zan ce ba."

A falon gidanmu na Agege, a Legas, aka yi wannan zaman, ranar wata Lahadi bayan la'asar. Baffa Ladan yayan mahaifina ne, kuma tun da Baba ya rasu shi ne mai faɗa a ji a gidan. A gefensa ga limamin layinmu, ga wasu dattawa biyu abokan Baba na kasuwar shanu. Misbahu yana zaune a ƙasa kusa da ƙofa, ya sunkuyar da kai. Mama tana bayan labule, ina ganin ƙafafunta ta ƙasa. Ni kuma ina durƙushe a tsakiya, hannuna na hagu manne da cikina, don watanni ke nan ba ya ɗaguwa.

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Wai diyya. Diyyar me? Kashe ki aka yi?"

"Ba a kashe ni ba, Alhaji. Amma ba na iya ɗaura ɗankwalina."

Ya juya ga liman ya ce, "Boko ke nan. Ka ga abin da nake faɗa."

Ga yadda abin ya soma. Ina aiki a wani kamfanin biskit a Ilupeju, a ɗakin gwaji. Ni ke duba fulawa da mai kafin a bari su shiga inji. Ni kaɗai ce Bahaushiya a sashen, Yarabawan wurin suna ce mini Hajiya alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Ina son aikin. Ina son farar rigata mai sunana a aljihu, kuma ba na ɓoye cewa ina jin daɗi idan na sauka daga danfo, bas ɗin haya, da yamma matan layinmu suka bi ni da ido.

Kamfanin ya ce duk mai taɓa abinci sai an yi masa allurar rigakafin ciwon hanta, ya faɗa mana asibitocin kuɗin da za mu iya zuwa. Ɗaya yana unguwarmu, bayan tasha. Na je ranar Asabar. Nas ɗin mace ta fita, wai ɗanta ba shi da lafiya. Misbahu kaɗai na tarar.

Misbahu ɗan maƙwabcinmu ne, ya girme ni, Yaya muke ce masa. Mama ta goye shi yana jariri lokacin da mahaifiyarsa take kwance. Shi ne yaron layinmu na farko da ya zama ma'aikacin lafiya, kuma saboda shi ne mata da yawa suka yarda suna kai yaransu rigakafi, don yana yi musu bayani da Hausa, yana kiran kowace da sunan ɗanta.

Ranar doguwar riga ce a jikina mai matsattsen hannu, ba ya naɗuwa ya wuce gwiwar hannu. Ya ce ko in je in dawo Litinin, nas tana nan. Na ce Litinin ina wurin aiki. Sai muka yi yadda ake yi a unguwarmu idan namiji ne riƙe da allura. Na sa hannu ta ƙarƙashin hijabi na ja wuyan rigar ya zame kaɗan, iyakar saman kafaɗa ya fito, na ɗage gefen hijabin. Shi kuma ya yi yadda yaron kirki yake yi. Ya juya fuskarsa ga bango, ya lalubo wurin da auduga, ya yi bismillah ya soka.

Na sha allura a rayuwata, amma ba irin wannan ba. Na ji ta dunguri ƙashi.

Na ce, "Yaya, ta yi sama da yawa."

Ya ce, "Sannu, an gama." Har a lokacin kalandar bango yake kallo.

Kafin magariba hannun ya ƙi ɗaguwa. Misbahu ya ce haka take yi, kwana biyu zai sake. Bai sake ba. Mama ta gasa mini da ruwan zafi, ta shafa man zafi, ta kira wanzami ya yi mini ƙaho. Sai da na je babban asibiti aka ɗauki hoto, likitan ƙashi ya zaunar da ni ya nuna mini a jikin nasa hannun. Ya ce a tsokar damtse ake yin allurar, ƙasa da saman kafaɗa sosai. Tawa ta shiga cikin gaɓar, maganin ya zube a inda ƙashi ke juyawa, wurin ya kumbura, daga baya ya daskare. Ya ce maganin lafiyarsa lau, wurin da aka zuba shi ne ba daidai ba. Ya ce zan daɗe ina gashi, wataƙila ma sai an yi aiki.

A kamfani na kasa ɗaga buhun samfur, na kasa miƙa hannu kan kanta. Oga ya yi haƙuri da ni na ɗan lokaci, ya ba ni hutu ba albashi, da na dawo na tarar da wata a kujerata. A danfo kwandasta ya kan tura ni ta wannan kafaɗar, in ciji leɓe har in ji gishirin jini. Sujada da hannu ɗaya nake yi. Ƙanwata Kalsum ke taje mini kai, ita ke zuge mini zif.

Na je wurin mai asibitin da aka yi mini allurar, wani likita mai tumbi da zobba. Ya saurare ni yana danna waya. Ya ce sanyi ne, 'yan matan yanzu suna kwana a gaban fanka. Ya ce ya yi wa dubban mutane allura a asibitin nan ba wanda ya dawo da kuka. Ya miƙo mini fakitin maganin ciwon jiki kyauta. Na bar masa shi a kan tebur.

Daga nan na nemi lauya. Barista Folake yayar wata abokiyar karatuna ce, ofishinta ɗan ƙarami ne a Ikeja, a saman shagon masu ɗinki. Ta rubuta wa asibitin cewa su amsa kuskuren, su ɗauki nauyin magani, su biya aikin da na rasa. Mai asibitin bai ba ta amsa ba. Wurin Baffa Ladan ya je. Bai iya Hausa ba, amma ya daɗe a Agege, ya san yadda muke kashe magana. A wurinmu idan mutum ya ce ya yafe a gaban dattawa aka shafa fatiha, shi ke nan, maganar ta mutu. Wanda ya koma ya tono ta bayan fatiha ba ya sake zama cikin mutane da daraja. Mai asibitin ya ce wa Baffa in ban janye ba, Misbahu ne zai fara barin aiki.

Abin da ya tara dattawa a falonmu ke nan.

Na ce, "Baffa, ni ba Yaya Misbahu nake ƙara ba. Asibitin nake ƙara."

Liman ya yi gyaran murya. Mutum ne mai taushin magana, shi ya raɗa mini suna. Ya ce, "'Yata, mai yafiya yana da lada babba wurin Allah."

"Allah ya gafarta Malam, na sani. Amma me zan yafe? Mai asibiti ya ce sanyi ne. In sanyi ne, sanyin zan yafe wa? Su fara faɗin abin da aka yi mini tukuna."

Ɗaya dattijon ya kusa yin dariya, ya mayar da ita tari.

Baffa bai ɗaga murya ba. Ya ce, "In maganar nan ta je kotu, za a sa yaron nan ya dafa Alƙur'ani. A kan kafaɗa. Tun kakanmu da ya zo garin nan da kakin soja, ba a taɓa jin wani a gidan nan ya sa Musulmi ɗan'uwansa rantsuwa ba. In kika zama ta farko, ki nemi wani uban."

Ya jira, ni ma na jira. Jirgin ƙasa ya wuce, gilashin taga ya yi ta rawa har ya daina. Sannan suka tashi ɗaya bayan ɗaya, ba a shafa fatiha ba. Lemon da Mama ta aiko da shi ko buɗewa ba a yi ba.

Ba wanda ya zage ni a layi bayan wannan. Da an zage ni da na rama, don bakina bai mutu ba. Gaisuwa ce kawai ta gajarce. In na ce ina kwana, a ce lafiya, ba a ƙara da ya jiki. Mai shagon bakin layi da ya saba tsokanata da "Injiniyan biskit" ya koma miƙo mini canji yana kallon titi. Matar Misbahu in ta hango ni sai ta tuna ta yi mantuwa a gida.

Wata rana ina zaune a tsakar gida Hajiya Hansai ta shigo da sallama mai tsawo. Ita ce matar da ba ta taɓa bari an ɗiga wa jikokinta komai ba, masu rigakafi in suka zo ƙofarta da tsintsiya take raka su. Ta zauna kusa da ni, ta kama hannuna mai lafiya.

"Sannu 'yar nan, sannu. Mu muna tare da ke. Tun yaushe nake faɗa? Ga shi Allah ya nuna musu a kan mai boko ma."

Ta zaro waya daga jaka. "Ki yi mana magana a nan, ki faɗi yadda ta shanye miki hannu. In tura a gurup ɗin mata. Kowa ya ji da kunnensa."

"Hajiya, ba maganin ne ya yi mini haka ba. Wurin da aka soka ne."

"Ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne. Gobe ma in aka ce saura ta biyu, zan miƙa ɗaya hannun. Sai dai in sa riga mai faɗin hannu, kuma mai yin allurar ya buɗe idonsa."

Ta sake mini hannu kamar ta taɓa tukunya mai zafi. "Ashe ba ki ji jiki ba tukuna." Ta tashi tana gyara mayafi. A bakin ƙofa ta waiwayo ta ce, "Su can sun ƙi ki, mu nan kin ƙi mu. To ki zauna ke da kafaɗarki."

Haka kuwa aka yi, na zauna ni da kafaɗata.

Sau biyu a mako nake zuwa gashi. Ɗaki ne mai tsawo, galibi tsofaffi ne masu shanyewar ɓarin jiki, sai ni. Mai gashin ta kan sa ni gaban bango, in ɗora yatsu in yi ta hawa da su sama kaɗan-kaɗan har inda zafi zai tsayar da ni. Sannan ta kama hannun ta murɗa, tana cewa "pele, pele," wato sannu da Yarabanci, ba ta kuma sassautawa. Kowa da mai rako: wannan da ɗansa, wannan da matarsa riƙe da filas. Da farko Kalsum tana raka ni, har Baffa ya ce makaranta ta fi mata. Na koyi sa takalmi da hannu ɗaya, na koyi zama ta gefen taga a danfo yadda kafaɗar za ta jingina da ƙarfe ba da mutum ba.

A tashar danfo Misbahu ya same ni wata safiya. Ya tsaya nesa kaɗan kamar shi ma mota yake jira.

"Ya jikin?"

"Ga shi nan."

Ya daɗe yana kallon masu okada, 'yan acaɓa. Sannan ya ce, "Na san abin da ya faru, Raihana. Tun da na zare allurar na sani."

"To ka faɗa musu."

"In na faɗa, aikin ya tafi. Oga ya ce zai kai sunana inda ba zan sake samun wani ba. Yarana uku."

"Ni ma aikina ya tafi, Yaya."

"Ke kina da takardu. Ke mai kai ce, za ki samu wani." Ya gyara riƙon jakarsa. "Don girman Mama. Don girman Baba da ke kabari. Wallahi don girmansu na juya fuskata."

Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ciwo. Na ce, "Na sani. Ba ka yi don cuta ba. Amma hannuna bai san wannan ba."

Motata ta cika, na shiga. Ta taga na gan shi tsaye a inda na bar shi, jakarsa a rungume a ƙirji.

Mama ba ta taɓa ce mini in janye ba, ba ta kuma taɓa ce mini in ci gaba ba. Kullum da yamma ta kan zo da man kaɗanya ta zauna bayana ta murza mini kafaɗar. Ranar da ma'aikacin kotu ya kawo wa Misbahu sammaci, layin gaba ɗaya ya gani. Da yamma Mama ta zo da man kamar kullum. Tana murzawa ta ce, "Ni na goye shi."

Na ce, "Ni kuma ke kika haife ni."

Hannunta ya tsaya a kan kafaɗata. Sai ta ci gaba da murzawa. Daga baya Kalsum ta gaya mini cewa an yi biki biyu a layin ba a aiko wa Mama da goro ba, ita da ba a ɗora tukunyar biki sai ta zo.

Wannan ne ya fitar da ni daga gidan, ba Baffa ba. Na samu ɗan aiki a wani kamfanin fiya wata a Isolo, ina gwada ruwa, ba ɗaga komai. Na kama ɗaki a can, a gidan haya mai dogon lungu, ɗakuna suna fuskantar juna. Babu mai jin Hausa a gidan. Maƙwabtana mutanen kirki ne, suna ce mini Anti, suna taya ni ɗibar ruwa, amma in na rufe ƙofa sai in yini ban furta kalma ɗaya da harshen da nake mafarki da shi ba. Wani lokaci na kan tsaya wurin mai suya a bakin titi, wani ɗan Sakkwato, in sayi abin da ba na sha'awa don kawai ya ce mini "Hajiya, a sa yaji?"

Shari'ar ta yi ta tafiya kamar ba za ta ƙare ba. Yau alƙali ba ta zauna ba, gobe lauyan asibiti ya nemi a ɗage, jibi an tafi hutu. Damina ta wuce, wata ta zo. Barista Folake ta kan ce, "Suna so ki gaji ne." Ni kuwa na gaji tun tuni, sai dai ban ga inda zan ajiye gajiyar ba. In na janye yanzu, ban samu hannu ba, ban kuma samu gida ba.

Ranar da aka kira Misbahu, Baffa Ladan ya zo. Ya zauna a bencin baya shi da liman, bai dubi inda nake ba. Misbahu ya shiga akwatin shaida cikin farin yadi. Akawun kotu ya tambaye shi addininsa, ya ɗauko Alƙur'ani a naɗe cikin kyalle ya miƙa masa.

Misbahu bai karɓa ba. Ya ce ba shi da alwala.

Lauyan asibiti ya miƙe ya ce ba sai an ɓata lokaci ba, shaida zai iya ɗaga hannu kawai ya yi alkawarin faɗin gaskiya, doka ta yarda. Na ga ya yi wa Misbahu ido. Ƙofa ce aka buɗe masa, kowa a ɗakin ya gane. Alƙalin, wata dattijuwa mai ƙaramar murya, ta tambaye shi wanne ya zaɓa.

Ya ce a ba shi izini ya yi alwala.

Kotu ta zauna tana jiransa. Ba abin da ake ji sai fanka. Ya dawo hannayen rigarsa a jiƙe, ruwa yana ɗiga daga gemunsa, ya karɓi Littafin da hannu biyu. Na ji liman a baya yana salati ƙasa-ƙasa.

Barista Folake ta tambaye shi a ina ya yi mini allurar. Ya ce a kafaɗar hagu. Ta ce ya nuna daidai wurin a jikinsa. Ya ɗaga hannu, ya tsaya, ya sauke.

Ya ce, "Ba zan iya nunawa ba. Ban duba ba."

"Ba ka duba ba?"

"Na juya fuskata ga bango."

"Haka aka koya maka?"

"A'a."

"To me ya sa?"

Ya ce, "Ƙanwata ce."

Alƙalin ta daina rubutu ta dube shi, ta dube ni. Lauyan asibiti ya zauna a hankali. Ni da na shekara ina jiran wannan maganar, na ɗauka zan ji sanyi a raina. Ban ji ba. Da na waiwaya, bencin baya babu kowa.

Ba a kai ga hukunci ba. Kamfanin inshorar asibitin ya nemi sulhu, aka rubuta a gaban alƙali cewa allurar ce ta jawo ciwon, suka ɗauki nauyin aikin da aka yi mini a kafaɗar da gashin da ya biyo baya, suka biya abin da na rasa na albashi. Barista Folake ta rungume ni a bakin kotu ta gefen dama. Na hau danfo na koma Isolo, na dafa indomi na ci.

A cikin makon aka sallami Misbahu daga aiki. Na ji yana Apapa yanzu, yana tsaron wani kemis a inda direbobin tanka ke kwana a layi, yana sayar musu da maganin ciwon baya. Matarsa ta kwashe yaran ta koma gidan iyayenta kafin abubuwa su daidaita. Na aika masa saƙo cewa ina so in taimaka daga abin da aka ba ni. Ya amsa da cewa ya gode, Allah ya ƙara lafiya, in bar shi. Asibitin bayan tasha bai sake ɗaukar mai jin Hausa ba, kuma Kalsum ta ce ranar rigakafin yara bencin da ake cika shi da matan layinmu yanzu rabinsa ma ba ya cika.

Bayan sallar layya aka sa ranar auren Kalsum. Ita ta kira ni, tana magana ƙasa-ƙasa, ina jin ƙarar famfo a bayanta, na gane a banɗaki ta ɓuya.

"Yaya, Baffa ya ce in kika shigo shi zai fita. Kuma shi ne waliyyi."

"Na ji."

"Na yi kuka, na ce to a fasa. Mama ta ce in rufe bakina."

"Mama ta yi daidai. Wane launi kuka fitar na anko?"

"Ruwan goro. Yaya, ki zo ko daga nesa ne."

Na sayi atamfar, na kai aka ɗinka. Ranar Asabar ɗin ɗaurin auren na saka, na yi kwalliya, na hau mota zuwa Agege. Ban shiga layinmu ba. Na hau gadar masu tafiya a ƙafa da ke kan titin jirgi, daga can ana hango bakin layin. An kafa rumfuna, an jera fararen kujeru, maza sun cika gaban masallaci. Ban ji abin da ake faɗa ba saboda hon ɗin motoci, amma na ga lokacin da hannaye suka tashi gaba ɗaya suka shafi fuska, na san an ɗaura. Na shafa tawa ni kaɗai. Wata mai tallan lemo da ke zaune a kan gadar ta dubi atamfata, ta dubi matan da ke ƙasa masu irinta, ta ce da Yarabanci, "Anti, ba bikinku ba ne? Kin makara fa." Na ce mata eh, na makara. Na sayi lemo biyu a wurinta na sauka ta ɗaya ɓangaren.

Hannuna yana ɗaguwa yanzu har kusa da kunne, likita ya ce iyakarsa ke nan. An rubuta gaskiyar abin da ya same ni, alƙali ta sa hannu. A kan wannan na rasa Baffa, na rasa ɗakina a gidan da aka haife ni, na rasa auren ƙanwata. Mutumin kirki ya rasa aikinsa saboda ya ƙi yin ƙarya a shari'ata. Mama tana zuwa Isolo wani lokaci, a ɓoye, ta ce wa mutanen gida asibiti za ta, kuma ba ta taɓa zama ta kai la'asar.